Yadda Ake Dafa Naman Sa da Naman Kaza da Curin Fulawa Irin na Mutanen Ingila

Wannan abincin mutanen Ingila ne, kuma abincin lokacin sanyi ne. A can, cikin watan Disamba, rana kan faɗi tun ƙarfe huɗu na yamma ba ta cika ba, mutum ya dawo gida a jiƙe, hannu ya ƙandare, ba abin da ransa ke so kamar romo mai kauri da zafi. Asalinsa girkin masu ƙaramin ƙarfi ne. Sukan sayi naman da ya fi tauri da araha, su bar shi kan wuta sa'o'i, sannan dab da saukewa su cura fulawa da kitse su jera a saman romon don abincin ya yi auki ya ishi kowa. Na koye shi wurin wata dattijuwa maƙwabciyarmu lokacin da muka zauna a Manchesta, kuma tun da na dawo gida, duk shekara idan hunturu ya kama sai na ɗora shi.

Ba farfesu ba ne, domin romonsa ya fi na farfesu kauri nesa ba kusa ba, kuma ba shi da yaji. Ba kuma miyar dage-dage ba ce, tumatirin da ke ciki cokali biyu ne kacal. Curin fulawar kuwa, abin da ya fi kusa da shi a wajenmu shi ne ɗan wake, sai dai shi ɗan wake santsi da danƙo ake so ya yi, wannan kuma so ake ya tashi ya yi sakayau kamar cikin burodi, ƙasansa ya sha romo.

Adadin da zan ba ki zai ishi mutum shida, kuma ki ware wa girkin nan sa'a uku da rabi zuwa huɗu. Mafi yawan lokacin tukunya ce ke aikinta, ke kina wani abin.

Sayen nama da kitse

Uwargida, a wurin mahauci za ki ci nasara ko ki faɗi. Kada ki yarda a ba ki zallar tsoka mai kyan gani, irin wadda ake yankawa don tsire ko kilishi. Idan ta daɗe a wuta bushewa take yi, ta zama zare-zare a baki kamar ana tauna igiya. Ki nemi naman ƙwauri, ko na wuya, ko na kafaɗa, ko na ƙirji, kilo 1, wanda za ki ga farar jijiya ta ratsa shi. Jijiyar nan da mutane ke gudu ita ce sirrin abincin. Idan ta sha wuta a hankali narkewa take yi ta shiga romo, ta ba shi wannan ɗan danƙon da kike ji a leɓe idan kin sha farfesun ƙafar saniya. In da hali ki karɓi guntun ƙashi mai ɓargo ki haɗa.

Ki sa a ranki cewa shanunmu ba irin nasu ba ne. Bunaji da Rahaji da Gudalin Sakkwato dabbobin kiwo ne masu cin dogon zango a ƙafa, kuma ba kasafai ake yanka su da ƙuruciya ba. Namansu ya fi ɗanɗano a bakina, amma ya fi tauri. Inda littafin girkin Turawa zai ce sa'a biyu, namu sau da yawa sai ya kai uku.

Sai kitse. Na curin fulawa ba kowane kitse ake sawa ba, sai wanda ya lulluɓe ƙoda: fari, mai tauri, idan kin matsa shi da yatsa ya marmashe. A Ingila a kwali suke sayensa an riga an goge shi an gauraya da ɗan gari, wanda ya fi shahara shi ne Atora, da aka fara yi a Manchesta a 1893. Mu kuwa mun huta da kwali, ko wane mahauci yana da shi ɗanye, sau da yawa ma gyara ake bayarwa da shi. Ki ce a ba ki kitsen ƙoda giram 150, domin bayan kin ɓare yanar da ke jikinsa giram 100 za ki samu. Dalilin da ya sa aka zaɓe shi, ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 45, alhali man shanu tun kafin 35 ya zama ruwa. Saboda haka ƙullun kan riga ya fara kama jikinsa kafin kitsen ya narke, idan ya narke sai ya bar ƙananan ramuka a ciki. Ramukan nan su ne laushin curin.

Maganar naman kaza

Da yawa daga cikinmu ba mu taso da cin naman kaza ba, wato tsiron nan mai kama da laima, ba naman kaji ba, wasu ma ƙyamarsa suke yi. Wanda ake nomawa don sayarwa ba shi da wata illa. Za ki samu farin nan mai kan maɓalli a manyan kantuna, ko mai faɗi kamar kunne wanda ake nomawa a buhunan ɗusar katako. Ko wanne kika samu, giram 300 ya isa. Ki zaɓi mai tauri, busasshe a jiki, wanda bai fara yauƙi ko wari ba. Idan na gwangwani kawai kika samu, ki tsiyaye ruwan, ki ɗauraye, ki tsane shi sosai. Busasshe kuma a jiƙa shi a ruwan zafi minti 30, a tace ruwan da kyalle a zuba cikin romo, domin ƙamshin yana cikinsa.

Wanda ke tsirowa a daji da damina, don Allah ki bar shi. Gaskiya ne akwai masu kyau, kamar wanda ke fitowa a jikin suri, kuma akwai mutanen karkara da suka gaji saninsa. Amma masu dafi suna kama da masu kyau ƙwarai, kuma dafin wasunsu wuta ba ta kashe shi komai daɗewar dahuwa. Mafi muninsu ba ya nuna alama sai bayan sa'a shida zuwa yini guda, lokacin ya riga ya fara cin hanta. Zancen cewa wanda ƙwari suka ci ba shi da dafi, ko cokalin azurfa zai yi baƙi idan akwai dafi, duk ba gaskiya ba ne.

Sauran kayan ba su da wuyar samu: albasa manya 2, karas 4, sandar seleri 2 idan akwai, tafarnuwa ɗiya 4, tumatirin gwangwani cokali 2, fulawa cokali 2, man gyaɗa cokali 3, ganyen bey 2, tayim cokalin shayi 1, masoro, gishiri, da romon nama ko ruwan zafi da dunƙule 2, kimanin mililita 750, wato ledar fiya wata ɗaya da rabi.

Turawa da yawa suna zuba giya a wannan girki. Ba ma buƙatarta. Abin da suke nema a cikinta ɗan ɗaci ne da ɗan tsami da duhun launi, kuma za ki samu wannan daga suyar nama mai kyau da cokali ɗaya na ruwan tsamiya. Miyar kwalbar nan ta Wusta da suke ɗigawa, wadda Lea & Perrins ke yi, ita ma akwai tsamiya a cikinta. Ni nakan ƙara da daddawa rabin ƙwaya, dakakkiya. Ba a girkinsu take ba, amma tana tafiya da naman kaza fiye da yadda za ki zata.

Suyar nama

A nan ne hannunmu ya saba da wani abu dabam, don haka zan ɗan tsaya. Mu mun saba mu tafasa nama da albasa da kayan ƙamshi, mu tsame, sannan mu soya. A wannan girkin ɗanye ake soya shi, sannan a dafa shi cikin romon da za a ci. Idan kika fara tafasawa, daɗin naman ya riga ya fita, kuma ba zai yi irin jan da ake nema ba.

Ki yanka naman manya-manya, kowane yanka kamar girman kwalin ashana, don zai motse a wuta. Ki wanke, ki zuba a kwando ya tsane, sannan ki bi shi da tsaftataccen kyalle ki goge ruwan tas. Kada ki raina wannan aikin. Jiƙaƙƙen nama ba ya soyuwa: muddin akwai ruwa a jikinsa zafin ba zai wuce na tafasa ba, shi kuwa jan suya sai zafi ya yi nisa da haka yake samuwa. Ki barbaɗa gishiri cokalin shayi 1 da masoro, ki zuba fulawa cokali 2 ki juya ta kama ko'ina, ki kakkaɓe wadda ta yi yawa.

Ki ɗora tukunya mai kaurin gindi wadda murfinta ke rufuwa ruf. Tukunyar dalma ta gida ta yi daidai. Ki zuba man gyaɗa ya yi zafi sosai, sai ki jera naman ba tare da wani ya taɓa wani ba. Kilo ɗaya sai an yi shi kashi uku. Idan kika juye shi gaba ɗaya, tukunyar za ta huce, naman ya tsatso ruwa, ki ga yana dahuwa cikin kumfa launinsa toka-toka. Bayan kin jera, ki cire hannunki. Minti uku zuwa huɗu kada ki motsa shi. Da farko zai manne wa tukunya, idan ya yi ja da kansa zai saki. Ki juya ɗaya gefen, ki kwashe a kwano, ki sa kashi na gaba.

Za ki ga ƙanzo ya taru a gindin tukunya, ja mai duhu. Kada ki wanke, kada ki sauya tukunya, rabin daɗin romon yana nan. Abin da za ki kiyaye kawai kada ya ƙone ya yi baƙi. Idan kin ga yana neman ƙonewa, ki ɗiga ruwa kaɗan ki kankare da muciya ki juye a kan naman da kika kwashe.

Haɗa tukunya

Ki rage wuta, ki zuba yankakkiyar albasa da ɗan gishiri a cikin man da ya rage. Ruwan albasar zai taimaka wajen ɗago ƙanzon. Ki bar ta minti takwas zuwa goma har ta yi laushi ta fara ja. Ki zuba seleri da tafarnuwa, bayan minti ɗaya ki sa tumatirin gwangwani ki soya shi minti biyu har ya yi duhu, tsaminsa na ɗanye ya fita.

Ki mayar da naman tare da ruwan da ya tsatso a kwanon. Ki zuba romo mai zafi kaɗan-kaɗan kina kankare gindin tukunya, har ya kusa shanye kan naman, amma kada ya nutsar da shi. Ki jefa ganyen bey, tayim, ƙashi, daddawa. Da ya tafaso, ki rage wutar iya ragewa ki rufe.

Tafasar da ake so ita ce wadda za ki ga ƙwayar kumfa tana tasowa ɗaya bayan ɗaya, can gefe, a natse. Idan tukunya tana ɓararraka, tsokar za ta ƙanƙance ta matse ruwanta kafin jijiyar ta narke. A kan gas, ki koma kan ƙaramin kai. A kan gawayi, ki rage garwashin ki lulluɓe saura da toka, kina ƙara ƙwaya biyu-uku lokaci-lokaci. Mai oba, wato tandun zamani na gasa kek, ta sa a digiri 160. Duk bayan rabin sa'a ki juya, idan ruwa ya ja baya ki ƙara na zafi.

Na san za a ce a jefa kanwa a huta. Kada ki yi. Za ta sa naman ya saki da wuri, amma za ta ɓata launin romon, ta kawo wani ɗanɗano kamar na sabulu wanda ba abin da zai ɓoye shi. Idan sauri kike yi, tukunyar matsi, wato mai kulle tururi a cikinta, ta fi: minti 40 bayan ta fara huci, ki bari ta huce da kanta, sannan ki ci gaba da sauran aikin da murfi na yau da kullum.

Karas ba ya shiga sai naman ya yi sa'a ɗaya da rabi, kuma a yanka shi da kauri. Mai son dankalin Turawa ta sa shi a wannan lokacin, ko da yake da curin fulawa a sama ba lallai ba ne.

Suyar naman kaza

Yayin da tukunya ke kan wuta, ki ɗauraye naman kazan da sauri, kada ki jiƙa shi, ki tsane. Ƙanana a bar su sukutum, manya a raba biyu ko huɗu. Kusan kashi 90 cikin 100 na jikinsa ruwa ne, shi ya sa idan aka jefa shi ɗanye cikin romo yake fitowa lagwaf ba ɗanɗano, ya kuma tsinka romon. Ki ɗora kasko ya yi zafi, ki zuba mai cokali ɗaya, ki baza shi. Zai fitar da ruwa da yawa, ki bar shi ya ƙone ƙurmus. Bayan nan ne zai fara soyuwa, gefensa ya yi ja, ƙamshi kamar na gasasshen nama ya tashi. Sai a lokacin za ki sa gishiri da ɗan man shanu, ki sauke ki ajiye.

Idan nama ya kai sa'a biyu da rabi, ki ciro yanka ɗaya ki danna da bayan cokali. In ya rabe ba gardama, ya yi. In ya turje, ki mayar ki ƙara masa minti 30, kada ki yi gaggawar ɗora curi a kan naman da bai nuna ba. Da ya yi tuɓus, ki juye naman kazan, ki zuba ruwan tsamiya, ki cire ƙashi bayan kin zazzage ɓargon a ciki, ki kwashe man da ya taso da ludayi. Ki ɗanɗana gishiri yanzu, domin da zarar curi ya hau, ba sauran juyawa. Romon ya kasance yana da ɗan ruwa-ruwa fiye da yadda kike son ci, don curin zai sha.

Curin fulawa

Ƙa'idarsa ɗaya ce kuma ba ta sauyawa: nauyin fulawa ya ninka na kitse. Fulawa giram 200, wato kusan gwangwanin madara biyu, kitse giram 100, bekin hoda cokalin shayi biyu da rabi, gishiri rabin cokalin shayi, da yankakken ganyen faski ko lawashi idan kina so. Ruwan sanyi kuma kimanin cokali 8 zuwa 10.

Tun da farko ki sa kitsen a firji ya ƙandare. Ki ɓare yanar, ki goge shi da magogi, ko ki daddatsa da wuƙa har ya zama kamar ƙwayar shinkafa, kina barbaɗa masa fulawa don kada ya dunƙule. Idan babu wuta, ki sa shi a leda ki ɗora kan ƙanƙara. Wadda ba ta samu kitsen ƙoda ba za ta iya goga man shanu mai sanyi, sai dai curin ba zai tashi kamar na kitse ba. A yankin Nofok da ke gabashin Ingila ma ba sa sa kitse sam, nasu curin dabam ne.

Kada ki kwaɓa sai tukunya ta shirya, domin bekin hoda yana fara aiki ne da zarar ya ji ruwa. Ki tankaɗe fulawa da hodar da gishiri, ki zuba kitse ki gauraya. Ki riƙa zuba ruwa cokali-cokali kina juyawa da bakin wuƙa ko cokali mai yatsu, har ƙullun ya haɗe, da laushi, yana ɗan kama hannu. Daga nan ki tsaya. Ba kwaɓin cincin ba ne, ba na burodi ba ne, ba a murza shi. Duk murzar da kika ƙara, danƙon alkama kike tayarwa, kuma shi ne ke sa curi ya fito da tauri. Ki shafa fulawa a tafin hannu ki cura guda 12, kowanne bai kai ƙwan kaza ba, a hankali ba tare da matsewa ba.

Ki jera su a saman romon, su zauna kan nama da karas, rabinsu a ciki rabi a waje, da tazara tsakaninsu don za su ninka girma. Ki rufe. Idan murfin yana fitar da tururi, ki ɗora masa wani abu mai nauyi. Minti 20 cif, a kan wuta marar ƙarfi, kada ki buɗe. Tururin da ke cikin tukunyar shi ke dafa saman curin, kamar yadda yake dafa alala. Karon farko da na yi shi ni kaɗai, na buɗe sau biyu don in duba, suka sace suka yi nauyi, tsakiyarsu ɗanya, na yi baƙin ciki ƙwarai domin baƙi nake jira a ranar.

Bayan minti 20 ki ciro ɗaya ki raba shi biyu. Cikinsa ya zama busasshe mai ramuka. Idan tsakiyar tana da danshi kamar ƙullu, ki rufe ki ƙara minti biyar. A haka ma an gama, kuma haka na fi so, fari mai laushi. Wasu gidajen sun fi son samansa ya yi ja ya yi ƙaras: sai a cire murfi a sa tukunyar a oba mai digiri 200 minti goma. Mai gawayi ta ɗora faifan ƙarfe a bakin tukunya ta zuba garwashi a kai, kamar yadda ake gasa kek a gida.

Zubawa da ajiya

Ki sauke ki bar shi ya huta minti goma, ki tsince ganyen bey. A zuba a kwano mai zurfi, kowa curi biyu, a malala romo a kai. Su can da dafaffen kabeji ko koren wake suke ci. A gidana kuwa sai an ajiye yajin tafarnuwa a gefe, don maigidan ba ya jin ya ci nama in bai ji yaji ba. Na fi son a barbaɗa a kwano maimakon a zuba attaruhu a tukunya, saboda yana danne ƙamshin naman kaza.

Naman da romon sun fi daɗi washegari, curin ne ba ya son kwana, yakan jiƙe ya yi nauyi. Idan kin san za a rage, ki cura iya wanda za a cinye. Ragowar kada ta wuce sa'a biyu a waje, musamman da zafinmu. Ki juye a mazubi marar zurfi don ta huce da wuri, ki sa a firji, a cinye cikin kwana biyu. In kuwa wutar lantarkinku ba ta da tabbas, ki rage adadin tun daga farko ki dafa rabi. Wajen ɗumame ki ƙara ruwa rabin kofi, ki bari ya tafasa sosai har tsakiyar naman, sannan ki kwaɓa sabon curi ki jera a kai, ki rufe minti 20 kamar jiya.